Ƙafafun Motar Marigayi

Mijina ya rasu a ƙarshen damina, ya bar ni da yara uku da wata ƙaramar mota ruwan toka mai ƙafafun da ba nata ba. Motar tsohuwa ce, irin waɗanda ake kawo mana bayan Turawa sun gaji da su, amma wanda ya fara kallonta daga ƙasa sai ya ɗauka ta wani babban mutum ce. Shi marigayin ne ya canza mata janti, wato ƙarfen nan da ake ɗaura taya a kansa. Nata na asali baƙaƙe ne, lamba sha huɗu, da taya mai kauri. Ya cire su ya sa mata farare masu walƙiya, lamba sha bakwai, da wata siririyar taya wadda tsakanin ƙarfe da ƙasa ba ta wuce faɗin yatsu huɗu ba.

A Abuja ya gan su. Tela ne, kuma da zarar an gama girbi yakan tafi can cirani, ya zauna a shagon wani ɗan garinmu yana ɗinki har ruwa ya sauka. Can titunan sumul suke, in ji shi, kuma duk mai ji da kansa irin ƙafafun nan yake sa wa motarsa. Wata shekara sai ga shi ya sauka a tasha da su guda huɗu an ɗaure da igiya, ya ce har kujera ya kama musu kamar mutane. Namiji in ya kashe abin da ya samo a cirani kan ƙafar mota sai mace ta gode wa Allah, don akwai wuraren da suka fi nan ciwo.

Shi kam bai taɓa shan wahalarsu ba. Da damina kawai yake gida, kuma yawonsa bai wuce kan kwalta ba, daga masallacin Juma'a sai majalisar abokansa, wani lokaci Damagaram. A majalisar nan lambar janti abin alfahari ce, mai sha biyar ba ya ɗaga murya gaban mai sha shida, shi kuwa nawa da sha bakwai ɗinsa sai ya ajiye motar a karkace yadda kowa zai gani. Gona da ƙafa yake zuwa, wai kada ƙaya ta karce masa fenti. Da rani motar tana kwance a rumfa, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Ya dai yi abu ɗaya mai amfani: ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo, ya kai ni na karɓi takarda, don ko wani cikin yaran ya tashi da zazzaɓi ba ya gari.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke bayan Dawce. Shekara da shekaru a kan kabu-kabu nake zuwa, bayan wani mai babur da ya san lokacina. Sa'ad da mijina yake da rai babu wanda ya damu. Da na fita takaba sai matan unguwa suka fara tambayata, cikin fara'a, wai ɗan wane gida ne mutumin kirkin nan da ke zuwa ɗaukata kullum. Ga autata a goye, da wani tari mai tashi da zarar ta sha iska. Na leƙa rumfa, na kori kajin, na aika aka yi wa batir caji.

Sai dai motar ba tawa ba ce ni kaɗai. Da malamai suka raba gado ta faɗa cikin rabon yara haɗe da ɗan kason da ya zo mini, kuma mai kula da dukiyar marayun shi ne wan mijina, Alhaji, mai shagon hatsi a bakin kwalta. Mutum ne mai ƙarancin magana, ya girmi marigayin sosai. Tun ranar rabon ya ce a sayar da ita. Na je har gidansa, na durƙusa na gaishe shi.

Na ce, "Yaya Alhaji, alfarma na zo nema. A bar mini motar nan in riƙa zuwa lakwal da ita, wajen koyarwata."

Ya dubi tabarma, ya ce, "Malama, mota ba akuya ba ce da za a ɗaure tana ƙiba. Kullum raguwa take, kuma ta marayu ce."

"Na sani, Yaya. Amma in babu ita, ko dai in koma bayan babur mutane su ci gaba da magana, ko in ajiye aikin. Aikin nan kuwa shi ke ciyar da su."

"To, ki riƙe zuwa babban hutu. In ta zauna lafiya sai mu sake magana. In kuwa na riƙa jin labarinta a bakin mutane, ba sai na sake kiran ki ba."

Na yi godiya na tashi. A hanya na yanke masa hukunci a zuciyata: ko dai ba ya son ganin mace a sitiyari, ko wani ya riga ya yi masa tayi. Waɗannan biyun sun ishe ni fushi har gida.

Sai da na fara fita da ita kullum na san garinmu. Mai tafiya da ƙafa ko bisa babur yana zaton Matameye shimfiɗaɗɗen gari ne. In ka bar kwalta da mota, kowane lungu da halinsa. Akwai inda ruwan bara ya yanka ya bar kwari, akwai inda maigida ya tara ƙasa a ƙofarsa don kada ruwan bana ya shiga masa, akwai inda aka zubar da buraguzan bulo aka ce an gyara hanya. Siririyar tayar nan ba ta ɓoye mini komai. Ko tsakuwa na taka sai na ji ta a haƙorana, autata kuwa da ke kwance a kujerar baya takan farka da kuka a kowane rami. In lungu ya matse na so juyawa, sitiyarin sai na sa masa hannu biyu da ƙarfin kafaɗa.

A kan kwalta, in faɗi gaskiya, daɗi gare ta. Tana manne wa hanya, in na karya kwana ba ta karkata, kuma da na taɓa sitiyari ta amsa. A nan na gane abin da marigayi ya gani a jikin ƙafafun nan. Matsalar ita ce kwaltar ce mafi gajarta a tafiyata. Daga ita sai burji mai gargada, daga burji sai rairayi, wani dogon fili kafin a shiga ƙauyen, inda masu amalanken shanu da ke ɗaukar rake suka haƙa layi biyu masu zurfi.

Da sanyi rairayin yana da ɗan nauyi, ina wucewa da addu'a. Da zafi ya shigo ya bushe ya zama gari, sai motar ta fara kafewa. Ranar farko na yi ta taka mai, ƙafafun gaba suna juyawa suna haƙa wa kansu rami, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Masu amalanke ne suka kwance shanunsu suka jawo ni, suna yi wa shanun kirari, mata masu dawowa daga rijiya suka sauke bokitai suna kallo. Na isa makaranta an riga an shiga aji. Da na koma gida da yamma maƙwabciyata ta tare ni a ƙofa da sannu, ta ce ta ji shanu huɗu ne suka ja ni. Biyu ne, amma ban tsaya gyara mata lissafi ba. Bayan wannan abin ya zama jiki, har masu raken suka riƙa jinkirta tafiyarsu in sun hango ni, don sun san za a neme su.

Direbobin da ke bin hanyar suna da dabararsu, kuma na sha gani tun ina bisa babur. In sun zo bakin rairayi sai su tsaya, direba ya fito da tsinken ashana, ya tsuguna ya danna bakin kowace taya, iska ta yi ta fita har tayar ta yi tumbi ta baje a ƙasa. Da haka motar ke tafiya bisa rairayin maimakon ta nutse. In an koma gari sai a tsaya wajen mai faci a mayar da iskar. Kowa haka yake yi, har ba a ɗauke shi ilimi ba. Na sayi ashana, na tattara mayafina na tsuguna ni ma, na rage wa tayoyina iska.

Abin da ban lura da shi ba shi ne tawa tayar ba ta da inda za ta yi tumbi. Ta ɗan kwanta kaɗan, shi ke nan, ƙarfe ya kusa taɓa ƙasa. Rairayin dai na wuce shi da ƙyar. A dawowa, kan burji, ƙafar gaba ta hagu ta faɗa wani rami mai dutse a baki, na ji ƙara kamar an fasa tukunya. Ƙarfen ya datse tayar, shi kansa ya lotsa a gefe. Na tsaya a rana da yarinya a baya har wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya tausaya ya ɗaura mini tayar ajiya.

Mai facin da ke kusa da tasha, wani dattijo mai yawan dariya, ya jujjuya jantin ya ce da baƙin ƙarfe ne da ya buga shi da guduma ya miƙe kafin in gama shan ruwa. Wannan farin kuwa ba ya son guduma, tsagewa yake. Taya mai wannan lambar ma babu ita a Matameye, sai Damagaram ko a aika Kano. Aka aika Kano.

Kafin ta iso na yi kwanaki ina yawo da ƙafa uku farare, ɗaya baƙa, abin dariya ga duk wanda na wuce. Tayar ajiyar tana kan jantin asali ne, lamba sha huɗu, marigayi bai canza ta ba tunda ba a ganinta. A kwanakin nan hannuna ya koyi wani abu. Ramin da na taka da hagu sai in ji shi can nesa, a tausashe. Wanda na taka da dama sai ya buga mini har wuya. Na fara zaɓar wa ƙafar hagu ramuka da gangan don in tabbatar, kuma kowane rami ya ba ni amsa iri ɗaya.

Alhaji bai kira ni ba. Matarsa ya aiko, ta zo da goro da doguwar gaisuwa, ta zauna ta yi zancen tsadar tumatir. Sai da ta miƙe tana gyara mayafi ta ce Alhaji ya ce a yi mini sannu da shanu, a kuma tuna mini hutu ya kusa. Na ce ina amsawa.

Tayar ta iso, aka gasa farin ƙarfen aka daddanna shi ya koma kusan daidai, ko da yake daga ranar iska ba ta kwana cikakka a cikinsa. Kafin a ɗaura shi na ɗauko mitar katako da nake ja wa yara layi da ita a allo, na jingina baƙar ƙafar kusa da farar na auna. Na zaci farar za ta fi tsawo nesa, tunda sha bakwai ta fi sha huɗu ko a ajin farko. Tsawonsu kusan ɗaya ne. Ashe lambar nan ta ƙarfen ce kawai. In ƙarfe ya ƙaru sai taya ta sirance, in ya ragu sai ta yi kauri, don duka biyun su shiga gurbin da aka yi musu a jikin mota. Zaɓin duka bai wuce nawa ne ƙarfe, nawa ne iska, tsakanina da ƙasa ba. Ranar kasuwa na zaga tasha ina kallon ƙafafun motocin da ke lodin Dungu da Yauri. Duk baƙaƙe ne ƙanana, sun sha guduma, da tayoyi masu ƙiba. Na yi ta sunkuyawa har wani direba ya tambaye ni ko ɗan kunnena ne ya faɗi.

Na ce to, abu mai sauƙi, in nemo nata na asali in mayar mata. Mijina ba ya zubar da komai, sai dai yana da kyauta, kuma a garinmu janti ba ya zaman banza. Na farko yana gidan surukata, uwar marigayi, wadda muke kira Inna. Ya sa maƙeri ya yi masa ƙafa uku ya zama murhun gawayi. Na same ta tana dama kunu a kai.

Na ce, "Inna, murhun nan ƙafar motar ce fa."

Ta ce, "Na sani mana, 'yar nan. Shi ya kawo mini da hannunsa, wai ba ya cin gawayi. Ƙarya yake, ci yake kamar me. So kike?"

Na dubi ƙarfen, wuta ta cinye shi ya yi ja ya yi fari, ko an ba ni ba zai riƙe taya ba. Na ce a'a, tambaya kawai na yi. Ta zuba mini kunu, muka sha muna zancen ciwon gwiwarta.

Na biyu kuwa kullum ina jin muryarsa. Shi ne ke rataye a bishiyar makarantarmu, ana buga shi da guntun ƙarfe in za a shiga aji ko a fita. Mijina ne ya ba makarantar shekarar da ya canza ƙafafun, ni ce ma na ɗauko shi a kan babur, amma da daɗewa ya daina zama ƙafar mota a idona, ya zama ƙararrawa. Darakta, shugaban makarantar, ya yarda aka sauke mini. Yaran ƙauyen sun daɗe suna bugun sa da dukan ƙarfinsu, musamman bugun tashi, har bakinsa ya lanƙwashe ta ko'ina. Na sa aka mayar da shi bisa bishiya. Sauran biyun babu wanda ya san inda suka shiga. Wani ya ce ya ga ɗaya a bakin rijiyar wani lambu ana jan guga da shi, ban bi ba.

Saura musaya ke nan, in ba da fararen a ba ni wasu. A nan kowane namiji da ya san ni ya zama injiniya. Darakta ya ce sha shida, ita ce tsaka-tsaki, mota ba za ta rasa kwarjininta ba. Ƙanena ya bugo waya daga Legas ya ce kada in kuskura in mayar da motar marigayi irin ta masu kai gawayi kasuwa. Mai faci ya ce sha biyar, kuma da alama sha biyar ce yake da ita a ɗaki. Ni kaina zuciyata ta fi karkata ga sha shida, domin akwai wasu farare masu wannan lambar a hannun wani mutum a Kance, kuma da su motar za ta ci gaba da kama da kanta. Na daɗe ina saƙa wannan. Ina son in fita daga rairayi, ina kuma son in leƙa rumfa da safe in ga abin da ya bari yadda ya bar shi.

Na sake ɗauko mitar. Sha shida za ta ƙara mini iska wadda ba ta kai faɗin yatsa ba, kuma ramin burji ba zai lura da wannan ba. Tayarta ma sai an aika Damagaram. Sha huɗu kuwa da ita aka ƙera motar, tayarta tana rataye a kowace rumfar faci daga nan har Dungu, in ƙarfen ya lotsa a buga shi, in an zo rairayi a rage iska ta baje. Aibinta shi ne a kwana kan kwalta motar za ta riƙa ɗan rangaji, sai kuma muni. Gudu dai ba na yi. Munin kuwa daga waje ake ganin sa, ni kuma ciki nake zama.

Ban tambayi Alhaji ba. Na san dukiyar marayu ce, na san kuma ba ni da ikon musayar ko noti ɗaya ba da saninsa ba. Amma in na je amsar a shirye take: tunda har sai an canza mata ƙafa, a sayar da ita gaba ɗaya kowa ya huta. Na zaɓi in yi, in ya so ya yi faɗan daga baya. In faɗan ya ci motar, dama in na bar ta yadda take tafiya za ta yi.

Mai faci ya samo wani matashin ɗan kasuwa daga ƙetaren iyaka, mai shigowa sayen wake, wanda ya ga fararen ya kasa ɗauke ido. Na nuna masa wanda ya lotsa, ya ce a Kano akwai masu gyara. Akwai wani ɗan garinmu da ya riga shi nema, na ƙi, don ba na so in riƙa haɗuwa da su a ƙarƙashin motar wani a hanyar kasuwa. Aka ɗora motar a kan duwatsu, aka kwance su ɗaya bayan ɗaya, aka kawo baƙaƙe huɗu da tayoyi masu sauran rai. Ina zaune a benci ina kallo. Da aka jera fararen a bayan motar matashin aka rufe, na ji zafi sosai, fiye da ranar da aka raba kayan sawarsa. Da aka sauke tawa ta tsaya a kan sabbin ƙafafunta sai ta koma abin da take tun asali, tsohuwar ƙaramar mota ruwan toka, irin wadda ake gani birjik a tasha.

Washegari na tsaya a bakin rairayi na fito da tsinken ashana. Tayoyin suka yi tumbi yadda na ga na mutane suna yi. Na sa giya ta biyu, na riƙe mai daidai, motar ta bi layin amalanke tana lilo a hankali har ta fita ɗaya gefen. Masu rake suna hutawa a inuwa, ɗayansu ya ɗaga murya ya ce, "Madam, yau shanunmu ba su da aiki ke nan?" Na ce su huta, sun yi ƙoƙari. Autata ba ta farka ba har makaranta.

Haka sauran zafin ya wuce, ban sake kafewa ba. Sau ɗaya na lotsa ƙarfe a wani kwari bayan kasuwa, aka buga shi da guduma ina tsaye. A kan kwalta tana rangajin da na yi tsammani, na riƙa rage gudu a kwana, ban rasa komai ba. Maƙwabciyata ta rasa labarin da za ta tare ni da shi, ta koma kan tsadar gawayi. Amma daga wajen Alhaji shiru, babu aike, babu faɗa, kuma shirun ya fi faɗan damuna. Gari ƙarami ne, na tabbata ya ji. Na ɗauka yana tara maganar ne sai lokacin da ya sa ya cika.

Aka yi hutu, ruwan farko ya sauka. Wata rana bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar gida, karo na farko tun rabon gado. Na shimfiɗa masa tabarma a bakin rumfa, na kawo ruwa, na durƙusa a gefe. Na shirya bayanina tsaf, daga rairayi har burji, don ko ya nemi hujja. Bai zauna ba. Ya zaga motar a hankali, hannuwansa a baya, yana kallon ƙafafun.

Na ce, "Yaya, na yi laifi, ban nemi izininka ba. Amma in ka bari in yi maka bayani..."

Ya ɗaga hannu. "An gaya mini tun ranar da aka yi. Na yi fushi, Malama, na kwana da niyyar zuwa in karɓi makulli. Da safe ina zaune a shago sai maƙwabcina ya ce, ga matar ƙanenka can ta wuce. Na ce ina? Ashe kin bi ta gabana ban ɗaga kai ba."

Ban ga inda maganar ta dosa ba.

Ya ce, "Tun ranar rabo na san ba zan iya ganin motar nan tana yawo a gari ba. Da kika fara fita da ita, kowace safiya in ƙafafun nan suka yi walƙiya daga kwanar tasha sai in miƙe. Jikina ke tashi kafin hankalina ya dawo. In miƙe in gyara hula, in ce ga yaron nan ya zo gaishe ni. Sai ke ki wuce." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Kullum sai an yi mini sabuwar rasuwa, a gaban masu awo, ba ni da wanda zan gaya wa. A kafaɗata ya girma, Malama. Na rasa yadda zan ce miki ki canza hanya."

Ban taɓa ganin hawayen Alhaji ba, ko a zaman makoki. Na sunkuyar da kai don kada ya ga na gani. Ya ɗan buga tayar gaba da takalmi kamar yadda maza ke yi, ya ce, "Ki riƙe ta, ki yi aikinki. Yanzu mota ce kawai."

Abin da na yi watanni ina nema ke nan, kuma ban ji daɗin da na zata ba. Tausayinsa ya kama ni, sai kuma wani abu da ya fi tausayin nauyi. A duk garin nan mutum ɗaya ne ya rage da ke miƙewa saboda mijina kowace safiya, ni kuma na zaunar da shi da hannuna.

Ya kai zaure ya juyo. "Wanda ya karɓi fararen, ɗan garin nan ne?"

Na ce, "A'a, Yaya, na ƙetare ne."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya fita bai sha ruwan ba.